Bakassi da Masu Cewa Da An Yi Yaƙi

Ran 14 ga watan Agusta, 2008, a birnin Kalaba, wakilan gwamnatin Nijeriya suka miƙa wa Kamaru mulkin yankin Bakassi. Tun daga ranar nan ba a rasa masu cewa an yi abin kunya. Ana jin wannan magana a bakin 'yan siyasa, ana karanta ta a jaridu, ana kuma jinta a rumfunan kasuwa da tashoshin mota. Masu faɗarta suna cewa ƙasa mai girma irin Nijeriya ta durƙusa wa ƙaramar maƙwabciyarta, wai Obasanjo ya sayar, 'Yar'aduwa ya miƙa, da an ƙyale soja sun yi aikinsu da yanzu tutar Nijeriya tana kaɗawa a can. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga wanda bai taɓa binne ɗansa soja ba, amma ba ta tsaya a kan gaskiya ba. Barin yaƙi a kan Bakassi yana cikin abubuwa masu kyau ƙwarai da Nijeriya ta yi tun da ta sami mulkin kai. Akwai abin kunya cikin al'amarin, babba ma kuwa, sai dai yana wani wuri dabam. Gwamnatocin nan biyu sun yi shekaru suna jayayya a kan ƙasa da ruwa da mai, suka bar masuntan da ke zaune a wurin ba mai kula da su. Masu kiran yaƙi kuwa, da yawan hayaniyarsu, suna taimakawa wajen rufe wannan laifi.

Wurin da ake gardama a kansa

Bakassi tsibirai ne da fadamu a bakin Tekun Atilantika, gabas da Kalaba, tsakanin bakin kogin Kuros Riba da mashigin ruwan da ake kira Rio del Rey. Girmansa bai wuce murabba'in kilomita 1,000 ba. Yawancinsa laka ce da itatuwan bakin teku, zirga-zirga kuwa ta kwalekwale ce. Galibin mazaunansa masunta ne, Efik da Ibibiyo da Oron da danginsu, waɗanda harshensu da aurensu da kasuwarsu duk suna fuskantar Kalaba. Ruwan wurin yana da kifi da jatan lande da yawa. Shekaru masu yawa ba wata hukuma da ta damu da wurin, ba makarantu na kirki, ba asibiti, ba ruwan sha. Sai da aka gano man fetur a ƙarƙashin tekun da ke kewaye da shi, sa'an nan Legas da Yawunde suka tuna cewa suna ƙaunar wannan laka.

Mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, gama shi ne tushen maganar duka. Masunta suna wurin tun kafin a san mai, ba su taɓa jawo gardama tsakanin ƙasashen biyu ba.

Takardun da aka sa wa hannu

Masu kiran yaƙi sukan yi magana kamar dai wata rana aka tashi da safe aka ƙwace Bakassi daga hannun Nijeriya. Tarihi bai nuna haka ba. A 1884 sarakunan Tsohuwar Kalaba suka ƙulla yarjejeniyar kariya da Ingila. Ran 11 ga Maris, 1913, Ingila da Jamus suka sa hannu a kan wata yarjejeniya wadda ta shata iyaka tun daga Yola har bakin teku, layin kuwa ya bi kogin Akwayafe, ya bar Bakassi a wajen Jamus, wato cikin Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, Bakassi ya faɗa cikin rabon Ingila, a yankin da ake kira Kamaru ta Kudu. Turawan Ingila sun riƙe shi tare da Nijeriya don sauƙin mulki, amma a takarda amana ce aka ba su, ba su kuma mai da shi Nijeriya ba.

Bayan samun mulkin kai ma, hannun Nijeriya bai rabu da waɗannan takardu ba. A 1962 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta aika wa Kamaru takarda wadda ta nuna iyaka tana bin kogin Akwayafe. A 1971 a Yawunde, da kuma ran 1 ga Yuni, 1975, a Marwa, Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahmadu Ahijo suka sa hannu a kan layin iyaka ta cikin teku, layin kuwa ya wuce ta yammacin Bakassi. An hamɓarar da Gowon a ƙarshen watan Yuli na wannan shekara, waɗanda suka gaje shi suka ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta amince da takardar Marwa ba. Amma maƙwabci ba ruwansa da rigimar cikin gidan wani. Shugaban ƙasa ya sa hannu a gaban shaidu, alkawari kuwa kaya ne.

Hujja mafi ƙarfi da masu adawa suke da ita ita ce, sarakunan Kalaba kariya suka nema daga Ingila, ba su sayar mata da ƙasarsu ba, saboda haka Ingila ba ta da ikon ba Jamus abin da ba nata ba. Wannan magana ce mai nauyi, ba kuwa abin raini ba ce. Zalunci ne a zauna a Turai a raba ƙasar mutane ba tare da an tambaye su ba. Amma wanda ya ɗauki wannan hujja sai ya bi ta har ƙarshenta. Wa ya tambayi Katsinawa kafin a raba Katsina da Maraɗi? Wa ya tambayi Lamiɗon Adamawa sa'ad da aka bar masa Yola a wajen Ingila, aka kwashe Garwa da Marwa da Ngaundere zuwa wajen Jamus? Wa ya tambayi mutanen Barno, waɗanda ƙasarsu ta tsinke tsakanin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru? Babu iyaka ko ɗaya a wannan yanki wadda ba Turawa suka ja ta da irin wannan rashin adalci ba. Idan za a warware ta Bakassi da bindiga don asalinta zalunci ne, to, sai a warware dukan sauran, ba kuwa ƙasar da za ta tsira. Shugabannin Afirka sun ga wannan rami tun da wuri, shi ya sa a taronsu na Alƙahira a 1964 suka yi alkawari kowace ƙasa za ta girmama iyakar da ta gāda ranar samun mulkin kai. Nijeriya tana cikin waɗanda suka yarda.

Abin da Nijeriya ta samu ta wannan hanya

Akwai abin da masu kiran yaƙi ba sa son tunawa, mutanen Arewa kuwa ya kamata su fi kowa saninsa. Ran 11 ga Fabrairu, 1961, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka jefa ƙuri'a a yankunan Kamaru da ke hannun Ingila. Kamaru ta Kudu, wadda Bakassi ke cikinta, ta zaɓi haɗuwa da Jamhuriyar Kamaru. Kamaru ta Arewa ta zaɓi Nijeriya. Ta haka ne ƙasashen Mubi, Madagali, Gwoza, Ganye, Gashaka, Mambila da Dikwa suka zama Nijeriya ran 1 ga Yuni, 1961, aka kira yawancinsu Lardin Sardauna. Wannan ƙasa ta ninka Bakassi girma sau da yawa ƙwarai. Ahijo ya ji zafin abin har ya mai da ranar ta zama ranar makoki a ƙasarsa. Ya kai ƙarar Ingila Kotun Duniya, kotu ta ƙi yanke hukunci a 1963, ya haƙura, bai aika da soja Mubi ba. Bayan 'yan shekaru, sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya daga 1967 zuwa 1970, Ahijon nan ya goyi bayan gwamnatin tarayya.

To, mutumin Mubi ko na Gembu wanda yake cewa a yi watsi da takardun Turawa da na Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙwato Bakassi, sai ya lura cewa reshen da yake zaune a kai yake sara. Tsarin da ya ba Kamaru Bakassi shi ne ya ba Nijeriya garinsu. Ba ya yiwuwa mutum ya karɓi awo ranar da ya yi masa daɗi, ya fasa mudu ranar da aka auna wa maƙwabcinsa.

An riga an gwada bindiga

Masu cewa da an bar soja sun yi aikinsu suna magana kamar ba a taɓa gwadawa ba. An gwada. A watan Mayu, 1981, sojojin Kamaru suka kashe sojojin Nijeriya 5 a ruwan iyaka. Aka yi ta matsa wa Shugaba Shehu Shagari ya rama, ya ƙi. Kamaru ta ba da haƙuri, ta biya diyya, wutar ta mutu. A watan Disamba, 1993, gwamnatin Janar Sani Abacha ta tura soja cikin Bakassi. A Fabrairu, 1994, aka yi musayar wuta, Faransa kuwa, wadda take da yarjejeniyar tsaro da Kamaru, ta aika da waɗansu sojojinta. A Fabrairu, 1996, aka sāke gwabzawa, aka kashe mutane, aka kama fursunoni a kowane gefe, waɗanda ba a yi musayarsu ba sai a 1998. A 1996 ɗin nan gwamnatin Abacha ta ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Bakassi, da hedkwata a Abana.

Sojojin Nijeriya sun zauna a yankin fiye da shekara 12. Me zaman ya haifa? Masunta sun shiga tsakanin bindigogi biyu, kowane gefe yana zarginsu da yi wa ɗayan leƙen asiri. Babu wata ƙasa a duniya da ta yarda cewa wurin ya zama na Nijeriya don sojanta suna can. Da kuwa an faɗaɗa yaƙin, ba a fadamun Kalaba kaɗai zai tsaya ba. Iyakar ƙasashen nan biyu ta kai kimanin kilomita 2,000, tun daga Tafkin Chadi har teku. Ta ratsa Gamborun Ngala da Fotokol, ta raba Banki da Amchide inda gari ɗaya ne a zahiri, ta bi duwatsun Mandara, ta haye Binuwai, ta hau tudun Mambila. A kowane gefen layin nan akwai Fulani, Hausawa, Barebari, Shuwa, Kapsiki, Chamba da sauransu, uwa a nan, 'ya a can. Su ne za su fara ɗanɗana wutar, tun kafin masu rubuta sharhi a Legas su ji ƙaurinta.

Shari'a

Ran 29 ga Maris, 1994, Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg a ƙasar Holan, wadda take raba gardama tsakanin ƙasa da ƙasa. Bayan 'yan watanni ta roƙi kotu ta duba iyakar duka, har da Tafkin Chadi. Nijeriya ta amince da ikon wannan kotu tun 1965. Ta yi ƙoƙarin nuna cewa kotu ba ta da hurumin jin ƙarar, aka ƙi hujjarta a 1998, ta ci gaba da shari'a da manyan lauyoyi, har ta naɗa alƙali nata, Bola Ajibola, ya zauna tare da sauran. Ran 10 ga Oktoba, 2002, kotu ta yanke cewa Bakassi na Kamaru ne, da ƙuri'a 14, masu ƙi 2, wato Ajibola da alƙali Koroma na Saliyo.

Ana yawan cewa shugaban kotun a lokacin Bafaranshe ne, saboda haka an san inda hukunci zai faɗi. Gaskiya ne Bafaranshe ne, amma ƙuri'a ɗaya gare shi, sauran alƙalan kuwa daga ƙasashe dabam dabam suka fito. Ba a kuma faɗa wa jama'a sauran abin da hukuncin ya ƙunsa. Kotu ta ƙi layin da Kamaru ta nema a cikin teku, ta ja wanda ya fi kusa da abin da Nijeriya take so, ta kuma ƙi tilasta wa Nijeriya biyan diyya. A kan iyakar tudu ta ba Nijeriya gaskiya a wurare da dama. A wajen Tafkin Chadi, inda ruwa ya ja da baya masunta Hausawa da Barebari suka bi shi har suka kafa garuruwa irin su Darak, kotu ta ce ƙasar ta Kamaru ce, Nijeriya ta miƙa ƙauyuka fiye da 30 a watan Disamba, 2003, Kamaru ita ma ta miƙa waɗansu ƙauyuka ga Nijeriya a 2003 da 2004.

Kowane ɗan ƙauye ya san hukuncin mutumin da ya je gaban alƙali a kan iyakar gona, ya kawo shaidunsa, ya yi shekara 8 yana kai da kawowa, sa'an nan da aka yanke ba yadda yake so ba ya ɗauko gatari. Ba mai kiransa jarumi. Nijeriya kuwa a shekarun nan ita ce take tura 'ya'yanta Laberiya da Saliyo, suna mutuwa don a mai da doka da oda a ƙasashen mutane. Da wane baki za ta sāke yi wa wata ƙasa wa'azin bin doka, in ta taka hukuncin da ya shafe ta?

Waɗanda suka zaɓi ɗaya hanyar

Ba sai an yi zato ba a kan abin da yakan faru in aka bi shawarar masu kiran yaƙi, gama akwai waɗanda suka bi ta a wannan nahiya, a shekarun nan kuma. A watan Mayu, 1998, Habasha da Iritiriya suka shiga yaƙi a kan Badme, wani ƙaramin gari mai ƙura a bakin iyakarsu. Cikin shekara 2 mutum dubbai goma-goma suka mutu, masu ƙididdiga da yawa suna cewa sun kai 70,000 ko fiye. Bayan duk wannan jini sai da aka koma gaban masu shari'a. A watan Afrilu, 2002, wata 6 kacal kafin hukuncin Bakassi, hukumar shata iyaka ta yanke hukuncin da ya bar Badme a wajen Iritiriya. Habasha ta ƙi janyewa. Iyaka ta zauna a rufe, ba jirgi, ba waya, iyaye ba sa ganin 'ya'yansu, matasan Iritiriya suna ƙarewa a aikin soja marar ranar sallama. Sai a 2018 gwamnatin Habasha ta ce ta karɓi hukuncin nan da ta ƙi shekara 16.

Kusa da gida ma, ranar Kirsimeti ta 1985 Mali da Burkina Faso, ƙasashe biyu matalauta da fari ya galabaitar, suka yi ta jefa wa juna bama-bamai a kan zirin Agasher. Yaƙin ya yi kwana 5. A watan Disamba, 1986, Kotun Duniya ta raba wurin kusan biyu daidai, kowa ya karɓa. Waɗanda suka mutu a makon nan sun mutu a kan abin da alƙalami ya gama cikin shekara guda. Nijar da Jamhuriyar Benin kuwa sun kai gardamarsu a kan tsibirin Lete gaban kotun nan, a 2005 aka ba Nijar tsibirin, Benin ta karɓa, kasuwanci tsakanin Gaya da Malanbil bai tsaya saboda hukuncin ba. Mai karatu ya auna waɗannan, ya ga wace hanya ce ta masu hankali.

Ranar da aka bukaci maƙwabci

Ran 12 ga Yuni, 2006, a Greentree kusa da birnin New York, Shugaba Obasanjo da Shugaba Paul Biya suka sa hannu a kan yarjejeniyar janye soja, a gaban Kofi Annan da wakilan Amurka, Ingila, Faransa da Jamus. Soja suka fita a watan Agusta na shekarar. A lokacin ba wanda ya san abin da ke zuwa. Shekaru kaɗan bayan haka Boko Haram ta afka wa Barno da arewacin Adamawa. Mutanen Gwoza da Bama da Banki da ƙauyukan bayan dutse, Kirista da Musulmi, suka gudu da abin da ke jikinsu, da yawa cikinsu kuwa ba su da wata mafita sai gabas. A 2013 aka buɗe sansanin Minawawo a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, ya ɗauki 'yan Nijeriya dubbai goma-goma, cikinsu har da ikilisiyoyi da suka tashi ɗungum da masu bi da shugabanninsu. Ba a ce Kamaru ta yi komai daidai ba, gama akwai lokatan da sojojinta suka komo da masu gudun hijira da ƙarfi, wannan kuwa laifi ne. Amma iyakar a buɗe take, sojojin ƙasashen biyu kuma sun yi yaƙi a gefe ɗaya cikin rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Daga 2017 kuma, da rikici ya tashi a yankin masu Turancin Ingilishi na Kamaru, mutanen can suka kwararo Kuros Riba, Binuwai da Taraba, aka karɓe su.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ko ruwan da ake saki daga madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wanda ya haɗu da ruwan sama ya yi ɓarna mai yawa a Nijeriya a 2012 da 2022, ba a iya shawo kansa sai da magana tsakanin hukumomin biyu. Da a ce ramukan yaƙi da nakiyoyi ne a kan iyakar nan a 2014, ina mutanen Gwoza za su nufa? Masu cewa da an yi yaƙi ba su taɓa amsa wannan tambaya ba.

Inda abin kunyar yake

Duk da haka ba daidai ba ne a tafa wa gwamnatoci a tashi. Kotu ta yanke wa ke da ƙasa, ba aikinta ba ne ta zaunar da mutane. Wannan aikin gwamnatoci ne, a nan kuwa suka kāsa. A 1961 an tambayi mutanen Mubi da na Buwea inda suke so. Daga 2002 zuwa 2008 ba a yi wa masuntan Bakassi irin wannan tambaya ba. Aka ba su zaɓi biyu masu ɗaci, ko su zauna a gidajen kakanninsu su zama baƙi, ko su tashi su bar kabarin iyayensu da ruwan da suka sani.

Yarjejeniyar Greentree ta ɗora wa Kamaru alkawarai bayyanannu. Ba za ta kori 'yan Nijeriya mazauna wurin ba, ba za ta tilasta musu sauya ƙasa ba, za ta girmama harshensu da al'adunsu da addininsu, za ta bar su su ci gaba da su da noma, za ta kiyaye dukiyarsu da filayensu na gado, ba kuwa za ta ɗora musu haraji na wariya ba. An ba da wa'adin shekara 5 na riƙon ƙwarya, wanda ya ƙare a watan Agusta, 2013. Amma tun kafin wa'adin ya cika, da bayansa, koke-koken masunta bai yanke ba a kan tsangwamar jandarmomi da nauyin haraji da kuɗin takardar zama. Garin da mazauna suke kira Abana, a takardun Kamaru Jabane ne. Ƙasar da ta ci shari'a da takarda, lalle ne ta cika abin da ta rubuta a takarda.

Laifin Nijeriya ya fi wannan nauyi, gama mutanenta ne. Waɗanda suka zaɓi komowa, saboda sun gaskata cewa ƙasarsu za ta rungume su, aka kai su ƙasar Akpabuyo, aka yanki waɗansu gundumomi aka kira su Sabuwar Bakassi, da hedkwata a Ikang. Wurin kuwa yana da masu shi tun dā. Mutumin da ya tashi a kan teku, wanda jarinsa kwalekwale ne da taru, aka ajiye shi a filin da ba nasa ba. Iyalai da yawa sun yi shekaru suna kwana a azuzuwan makarantar firamare. Akwai yaran da aka haifa ba su da takardar shaidar ko wace ƙasa. Sunan Bakassi yana nan cikin jerin ƙananan hukumomi 774 a Tsarin Mulkin 1999, ana kuma ware masa kaso daga asusun tarayya. Mai hankali yana da ikon tambaya, nawa ne daga cikin wannan kuɗi ya zama rufin ɗaki ko injin jirgi a hannun wanda aka raba da gidansa?

A nan ne halin masu kiran yaƙi yake fitowa fili. A watan Nuwamba, 2007, Majalisar Dattawa ta ce yarjejeniyar Greentree ba ta bi sashe na 12 na Tsarin Mulki ba, alhali soja sun riga sun fita fiye da shekara guda. A 2012, sa'ad da wa'adin shekara 10 na neman kotu ta sāke duba hukuncinta yake gab da cika, aka sāke tayar da ƙura, gwamnatin Jonathan ta ce ba ta da sabuwar hujjar da za ta kai. Duk wannan ihu ne bayan hari. A shekarar nan ta 2012 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Jihar Kuros Riba ba ta da sauran gaɓar teku, rijiyoyin mai 76 suka tabbata a hannun Akwa Ibom. An yi shari'a mai zafi a kan rijiyoyin nan har matakin ƙarshe. Ba a ga irin wannan himma a kan mutanen da ke kwance a ƙasan aji ba. Wanda ya ce yana shirye ya ba da ran 'ya'yan mutane saboda Bakassi, amma bai iya tsayawa a majalisa ya nemi a gina wa mutanen Bakassi gidaje a bakin ruwa ba, ya nuna abin da yake ƙauna tun farko.

Abin da ya kamata a nema

Bakassi ba zai komo ba. Ƙofar kotu ta rufe a watan Oktoba, 2012, duk ɗan siyasar da ya yi alkawarin ƙwato shi kuwa ƙuri'a yake nema da hawayen mutane. Abin da ya rage, wanda kuma yake yiwuwa, shi ne a biya bashin da ake bin ƙasashen biyu. Gwamnatin Nijeriya ta zaunar da waɗanda suka komo a wurin da za su iya kamun kifi, da takardar mallakar fili a hannunsu, ta kuma biya masu ƙasar da aka sauke su a kanta don kada a haifi sabuwar gaba. Ta ba kowane ɗan Bakassi takardar shaidar ɗan ƙasa. Ta bayyana wa jama'a yadda aka kashe kuɗin da aka ware da sunansu. Ta riƙa tuna wa Kamaru alkawaran Greentree ɗaya bayan ɗaya, a kowane zama da ake yi tsakanin ƙasashen biyu, gama ƙasar da ta cika nata alkawari tana da bakin neman a cika mata. Haka kuma a tuna da mutanen Darak da sauran ƙauyukan tafki, waɗanda labarinsu bai kai jaridu ba.

Mutanen da ke zaune a bakin iyaka, daga Ngala har Gembu, su ne suka fi kowa sanin darajar zaman lafiya da maƙwabci, su ne kuma ya kamata su fara tsawata wa duk wanda ya zo musu da zancen yaƙi. In mutum ya ce an yi abin kunya a Bakassi, sai a yarda da shi, sa'an nan a tambaye shi ko ya san inda masuntan suke kwana.